eFootball a Wayar Hannu: Ƙwallo Mai Daɗi, Kasuwar Kati Mai Buƙatar Hattara

A cikin wasannin ƙwallon ƙafa da ake bugawa a wayar hannu, eFootball na kamfanin Konami na ƙasar Japan yana cikin waɗanda suka fi samun gindin zama a majalisun matasanmu, har ta kai ga cewa da wuya mutum ya zauna a wajen mai shayi ko a shagon cajin waya da daddare bai ga wani ya kwantar da wayarsa tsakanin hannu biyu yana ta fama da manyan yatsunsa ba. Har yanzu mafi yawan masu bugawa PES suke kiransa, domin da wannan sunan suka tashi. Ra'ayina a kansa kashi biyu ne, kuma duka biyun na riƙe su da ƙarfi: abin da ke faruwa a cikin fili shi ne ƙwallo mafi kama da ta gaskiya da na taɓa gani a waya, amma hanyar da aka tsara ta samun 'yan wasa abu ne da ya kamata duk mai bugawa, da duk uban da ɗansa ke bugawa, ya fahimta sosai kafin kobo ɗaya ya fita daga aljihu.

Wasan yana da dogon tarihi. Konami ta fara fitar da shi a Japan da sunan Winning Eleven a 1995, sannan a 2001 ya shiga kasuwar Turai da sunan Pro Evolution Soccer, wato PES a taƙaice. Waɗanda suka yi zamanin gidajen gem na PlayStation 2, lokacin da ake biyan 'yan canji a buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na bayansa, ba za su manta da PES 6 na 2006 ba, wanda Adriano na Inter Milan yake dukan ƙwallo a cikinsa daga nesa ta wuce gola kafin ya motsa. Ba za su manta da Master League ba kuma, inda ake ba mutum 'yan wasan ƙirƙira marasa ƙarfi irin su Castolo da Minanda, ya yi ta lallaɓawa da su kaka bayan kaka har ya tara kuɗin sayen manya. A 2021 kamfanin ya jingine tsohon sunan baki ɗaya, ya sauya injin da ake gina wasan a kansa daga Fox Engine zuwa Unreal Engine, ya kuma mayar da shi kyauta ga kowa. Fitowar farko a ranar 30 ga Satumba na wannan shekarar ta zama abin kunya: fuskokin manyan 'yan wasa sun fito a karkace, 'yan kallo sun zama kamar zane mara kai, kuma a Steam, dandalin sauke wasannin kwamfuta, ya faɗa sahun wasannin da masu saye suka fi kushewa, har sai da kamfanin ya fito ya nemi afuwa. Sai a watan Afrilun 2022 aka fitar da cikakken gyara, na wayar hannu kuma ya biyo baya a watan Yuni. Wanda ya yanke wa wasan hukunci tun a wancan lokacin bai sake leƙawa ba, to abin da ke hannun mutane yau ya yi nisa da abin da ya gani.

Babban abin da ya bambanta eFootball da takwarorinsa shi ne nauyin ƙwallo. Ba ta manne wa ƙafar ɗan wasa. Idan aka aiko masa da fasin mai ƙarfi alhali ya juya wa mai ba shi baya, taɓawar farko za ta iya kuɓuce masa, idan kuma aka tilasta masa bugawa da ƙafar da bai saba da ita ba, ƙwallon takan tafi a raunane ko ta kauce wa inda aka nufa. Saboda haka dole mutum ya koyi duba yadda jikin ɗan wasansa ya fuskanta kafin ya danna, kamar yadda koci na gaskiya zai koya wa yaro a filin unguwa. Ɗan wasa mai jiki yana kare ƙwallo da kafaɗa, gajere mai sauri yana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, dogon ɗan baya kuma yana cin ƙwallon sama amma idan aka yanke shi sau ɗaya yakan ɗauki lokaci kafin ya juyo.

Daɗin wasan yana fitowa ne a irin wannan lokacin: ɗan tsakiyarka ya karɓi ƙwallo, abokin karawarka ya turo mutum biyu su matse shi, kai kuma maimakon ka yi gaggawa sai ka ɗan tsaya daƙiƙa guda, ka mayar wa ɗan baya, ka bar waɗancan biyun suka wuce da gudunsu. A daidai nan za ka ga ɗan gefenka ya fara gudu a bayan mai tsaronsa, ka jira har ya kusa shiga satar gida, sannan ka zura masa ƙwallo ta ƙasa tsakanin 'yan baya biyu. Ya ɗauka, ya ɗaga kai, ya mayar da ita baya kaɗan ga mai tahowa daga tsakiya, shi kuma ya ajiye ta a kusurwar raga ba tare da ya tsayar ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan matakan da wasan ya yi maka. Kai ne ka karanta fili, kuma wannan jin cewa da hankalinka ka ci shi ne yake dawo da mutane kullum. Tsaron gida ma haka yake, domin wanda ya riƙa jefa 'yan bayansa kan mai ƙwallo ba tare da lissafi ba zai bar ramuka, kuma duk wanda ya ƙware zai hukunta shi nan take.

Akwai salon wasa da ake zaɓa gwargwadon kocin da mutum ya ɗauka: riƙe ƙwallo, kai farmakin gaggawa, jefa dogayen ƙwallaye, ko buɗe wasa ta gefe. A ƙa'ida kowanne yana da amfaninsa, amma a wasannin intanet mafi yawan mutane sun raja'a a kan farmakin gaggawa da matsi tun daga gaban gidan abokin karawa, saboda shi ya fi saurin kawo ci, kuma wannan yana sa wasanni da yawa su yi kama da juna yayin da mutum yake hawa daga rukuni na 10 zuwa rukuni na 1 a gasar cikin wasan. A 2024 an ƙara wani tsari mai suna Smart Assist wanda yake taimaka wa sabon shiga wajen daidaita ƙarfin fasin da bugu. Ga wanda ya fara yau abu ne mai amfani, amma ina ganin duk mai son ya koyi wasan da gaske ya kashe shi da wuri, domin yana ɗauke wa mutum ainihin abin da ya kamata ya koya.

Ta fuskar sunayen ƙungiyoyi, an daɗe da sanin raunin wannan wasan. Barcelona da Manchester United da Arsenal da AC Milan da Inter suna nan da sunayensu da rigunansu, amma Real Madrid tana fitowa da sunan Madrid Chamartin B, Manchester City kuma Manchester B, Liverpool kuwa Liverpool R. Sunayen 'yan wasan dai na gaskiya ne, kuma mai son ya jera Victor Osimhen da Ademola Lookman a gaba zai same su. Sharhin Peter Drury da Jim Beglin yana da armashi a makonnin farko, daga baya sai kunne ya haddace jimlolin, shi ya sa da yawa suke rage sautin.

Abin da ya fi shafar mai bugawa a nan ƙasar shi ne abin da wasan yake nema daga waya da kuma sabis. Sauke shi kaɗai yana cin fiye da gigabait biyu, ga kuma sabuntawa da ke zuwa lokaci zuwa lokaci, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashinsu a watan Janairun 2025. Wasa ɗaya ba ya shan data mai yawa, saukewa da sabuntawa ne suke ci. Ƙananan wayoyi masu ƙarancin ƙwaƙwalwa za su iya buɗe shi, amma za a ga hoton yana sarƙewa, kuma a watannin bazara waya takan ɗauki zafi cikin ɗan lokaci, daga nan sai ta rage gudu don kare kanta, batirin kuma ya riƙa zuba. Rage ingancin hoto a wajen saiti da cire wa waya riga yayin bugawa suna taimakawa ƙwarai, kuma bugawa alhali waya tana kan caji hanya ce ta gajarta ran batiri.

Batun sabis kuwa ya fi haka muhimmanci. A wasan da rabin daƙiƙa take raba ci da asara, abin da ake buƙata ba yawan gudun intanet ba ne, daidaituwarsa ce. Idan saƙon dannawa yana ɗaukar lokaci kafin ya je ya dawo, ɗan wasa zai ji nauyi, fasin zai fita a makare, mai tsaron baya zai juya bayan an riga an wuce shi. Da yawa daga cikin abin da masu bugawa suke kira sikirif, wato zargin cewa wasan ne da kansa yake yanke wanda zai ci tun kafin a tashi, a ganina jinkirin sabis ne da kuma yanayin 'yan wasa na ranar, wanda kibiyoyin da ke gefen sunayensu suke nunawa kafin a take wasa. Wanda sabis ɗinsa ya yanke a tsakiyar wasa yakan rasa wasan gaba ɗaya ko da shi ne a gaba, don haka gara a zaɓi lokacin da layi ya yi sauƙi, kamar da sassafe ko can cikin dare. A tuna kuma cewa kowace Alhamis da safe akan rufe wasan na 'yan sa'o'i don gyara, kuma a ranar ce ake sabunta darajar 'yan wasa daga A zuwa E bisa abin da suka yi a filayen gaskiya a wannan makon, tsarin da nake yabawa saboda yana haɗa abin da aka kalla a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar da abin da za a buga a waya.

Yanzu sai batun da ya fi damuna. Zuciyar eFootball ita ce Dream Team, inda mutum yake gina ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa. Akwai kuɗin cikin wasa iri-iri, amma biyu ne manya: GP, wanda ake samu ta hanyar bugawa kuma ake sayen 'yan wasa na yau da kullum da shi kai tsaye, da kuma koyin na zinare, wanda ake ba da kaɗan kyauta amma mafi yawansa da kuɗin gaske ake saye. Manyan katuna, irin su Epic da Big Time da Show Time, waɗanda suke ɗauke da tsofaffin gwanaye a lokacin ganiyarsu ko taurarin yau da ƙarin ƙarfi, ba a sayar da su kai tsaye a mafi yawan lokuta. A tsarin da aka saba, ana zuba su a akwati mai 'yan wasa 150, uku ne kawai a ciki waɗanda kowa yake nema, kowace ja kuma koyin 100 ce. Wanda ya fito ba ya komawa cikin akwatin, saboda haka wanda ya ci gaba da ja tabbas zai kai ga abin da yake so, amma mai yiwuwa sai ya kusa kwashe akwatin duka, kuma lissafin wannan a naira, musamman tun bayan faɗuwar darajarta a 2023, ya fi ƙarfin ɗalibi ko yaron shago nesa ba kusa ba.

Ya kamata a lura da yadda aka shirya lokacin ja ɗin. Mutum ya danna, allon ya yi duhu, kiɗa ya tashi, haske ya fara walƙiya, abokai su zagaye wayar suna jiran su ga ko alamar babban kati za ta bayyana. Idan ta bayyana sai ihu, a ɗauki hoton allo a watsa a zauren WhatsApp, a ɗora a TikTok. Idan ba ta bayyana ba sai wani ya ce saura ƙiris, ka ƙara guda goma. Waɗanda suka dace ne kaɗai suke yaɗa hotunansu, waɗanda suka zuba dubbai suka tashi da 'yan wasan da ba za su taɓa sakawa a fili ba shiru suke yi, don haka yaron da ke kallo yana ganin kamar kowa yana dacewa sai shi. Bayan haka kuma katin da aka sha wahala a kansa ba ya daɗewa a sama, domin bayan 'yan watanni za a fito da wani wanda ya fi shi, da maki sama da 100 da ƙarin baiwa ta musamman, sai a koma farko.

Wannan damuwar ba tamu kaɗai ba ce. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake biya da kuɗin gaske a wasu wasannin bidiyo sun saɓa wa dokar caca ta ƙasar, kuma bayan haka Konami ta daina sayar da koyin na PES a can. Masu kare tsarin suna cewa ba caca ba ce tunda kowace ja tana ba da wani abu, kuma ba a mayar da katin kuɗi. Hujjar tana da ɗan ƙarfi a takarda, amma a aikace akwai kasuwar sayar da akawun a zaurukan Facebook da WhatsApp, inda farashi yake tashi gwargwadon yawan manyan katunan da ke ciki, kuma da zarar abin da sa'a ta kawo ya zama abin sayarwa, tazarar da ke tsakaninsa da caca ta ragu ƙwarai. Hukuncin shari'a na malamai ne, amma al'ummar da take tsawatar wa 'ya'yanta a kan shagunan cacar ƙwallo bai kamata ta kau da kai daga biyan kuɗi don jiran sa'a ba don kawai ya zo a cikin rigar wasa.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ana iya jin daɗin eFootball ba tare da an kashe ko sisi ba, kuma a nan ya fi wasanni da dama sauƙin kai. Kyaututtukan shiga kullum, gasannin mako, da bukukuwan da kamfanin yake yi lokaci-lokaci suna ba da 'yan wasa masu kyau da koyin kaɗan-kaɗan, wanda mai haƙuri zai tara ya yi amfani da shi a kan fakitin da aka bayyana abin da ke cikinsa tun kafin a biya. Sannan akwai horar da ɗan wasa, inda ake raba masa maki tsakanin bugu da fasin da yanka da gudu da tsaro, kuma wanda ya san abin da yake so daga kowane matsayi zai gina ƙungiya mai tsari da katuna masu araha. Mai ƙungiyar da ta cika da Epic yana da fifiko, babu musu, musamman a manyan rukunai, amma sau da yawa wanda ya iya karanta fili yana lallasa wanda ya iya biya.

Abin da nake ganin ya fi komai daraja a wannan wasan shi ne jama'ar da ta taru a kansa. Hanyar buga wasa da aboki mai sauƙi ce: ɗaya ya buɗe ɗaki, ya tura wa ɗayan lambar, shi ke nan. A kan wannan ɗan tsarin ne matasa suke gina gasanni a zaurukan WhatsApp, da jadawali da alƙalai da dokar cewa a turo hoton sakamako, kuma ta haka ɗan Katsina yake sanin ɗan Maraɗi ko ɗan Kumasi ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Akwai kuma tsarin haɗin gwiwa na mutum uku da uku, wanda yake koya wa masu son kai ba da fasin. Wasan ya kai matsayin da hukumar FIFA, bayan rabuwarta da kamfanin EA da ya daɗe yana fitar da wasan bidiyo mai ɗauke da sunanta, ta shirya gasar duniya da shi a birnin Riyad a watan Disambar 2024, inda Indonesiya ta lashe ɓangaren na'urar gem, ɗan Malesiya kuma ya lashe na wayar hannu. Wannan ya nuna cewa ba sai da na'ura mai tsada ake kaiwa can ba.

Sai dai a cikin zaurukan nan ne ake samun 'yan damfara. Wani zai ce yana saka koyin a farashi mai rahusa, a ba shi bayanan shiga na Konami ID, wato rajistar mai bugawa a wajen kamfanin, daga nan ya sauya kalmar sirri ya tafi da akawun ɗin. Wani zai sayar da akawun, a biya shi, bayan kwana biyu ya ƙwace abinsa ta adireshin imel ɗin da ya buɗe da shi. Tunda dokokin wasan sun hana saye da sayar da akawun, wanda aka cuta ba shi da inda zai kai ƙara. Abin da ya dace shi ne kowa ya haɗa akawun ɗinsa da Konami ID ko Google tun ranar farko, don kada ɓatan waya ya tafi da aikin shekara guda, kuma kada ya ba kowa bayanan, komai kusancinsu. Gasannin da ake tara kuɗin shiga wanda ya ci ya kwashe su ma suna buƙatar a yi tunani a kansu, kuma na fi ganin mutuncin waɗanda wani mai hali yake sa kyauta daga aljihunsa.

Babban giɓin da ya rage shi ne na mai son ya buga shi kaɗai. An ƙara My League a ƙarshen 2023, inda mutum yake shiga gasar ƙasa da ƙungiyarsa yana karawa da kwamfuta, amma bai kai zurfin Master League ba, babu cinikin 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi, babu rainon matashi har ya zama tauraro, kuma wasan a waya yana neman intanet kafin a shiga. Ga wanda wayarsa ƙarama ce ko sabis ɗin garinsu ba shi da tabbas, Dream League Soccer na kamfanin First Touch Games zai fi yi masa sauƙi, ko da yake ƙwallonsa ba ta kai wannan zurfi ba. Ga mai waya matsakaiciya zuwa sama da sabis mai ɗan dama, ina ba da shawarar eFootball ba tare da shakka ba, da sharaɗin a buga shi da abin da yake bayarwa kyauta. Iyayen da suke miƙa wa yara wayarsu kuma su shiga saitin Google Play su kunna neman kalmar sirri kafin kowane saye, su kuma cire katin banki daga akawun ɗin idan ba su da buƙatarsa a can.